Darasi na 9: Tsara Izinin Shiga Foldar Tarayya ta Layin Umarni

Manufar darasi

Idan aka kammala wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. bambanta izinin tarayya da izinin faifai, ya kuma faɗi wanda ke rinjaye idan suka saɓa;
2. buɗe rukuni da foldar tarayya ta hanyar rubuta umarni;
3. karanta jerin izinin folda, ya ƙara ko ya rage;
4. adana izini kafin ya taɓa shi, ya mayar da shi idan aiki ya ɓaci;
5. bin sawun matsala idan ma'aikaci ya kawo kukan an hana shi shiga.

Gabatarwa

Duk ofishin da kwamfutocinsa suka wuce biyu ko uku, ba a daɗewa ake gajiya da yawo da filash daga tebur zuwa tebur. Sai a zaɓi kwamfuta ɗaya a tara takardun aiki a kanta, sauran su riƙa ɗauka ta netwok. Wannan kwamfuta ita ake kira saba, foldar da aka buɗe wa ma'aikata a kanta kuma ita ce foldar tarayya.

Daga ranar da aka buɗe ta, tambayoyi uku sun hau wuyan mai kula da ita: wa zai gani, wa zai canza, wa zai goge? A cikin foldar nan akwai albashin mutane, da lambobin asusunsu na banki, da sakamakon jarrabawar yara, wani lokaci har da bayanan marasa lafiya. Masu bayanan ba su ma san mai kula da saba ba, amma sirrinsu yana hannunsa. Amana ce, kuma a Najeriya doka ta shigo ciki: a watan Yuni na 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai, wadda ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a nauyin tsare su.

Ana iya tsara izini da linzami, a yi ta danne-danne daga taga zuwa taga. Amma umarnin da aka rubuta ya fi ta fuskoki uku. Ana iya ajiye shi a fayil, ya zama shaidar abin da aka yi. Ana iya maimaita shi a kan folda hamsin ba tare da an tsallake ko ɗaya ba. Sannan akwai sabobin da ba su da tagogin dannawa sam, sai layin umarni kawai.

Ƙa'idar da darasin nan ya tsaya a kanta tsohuwa ce. A 1975, wasu masana biyu na jami'ar MIT a Amurka, Jerome Saltzer da Michael Schroeder, sun jera ta cikin ginshiƙan tsaron kwamfuta: a bai wa kowa izini daidai gwargwadon abin da aikinsa yake buƙata, kada a ƙara masa ko kaɗan. Duk umarnin da za mu koya hanya ce ta aiwatar da ita.

Shiri kafin a fara

A ɗauka muna aiki a ofishin wata ƙungiyar gama kai ta manoma. Sunan saba `OFIS1`, tana aiki da Windows. Akwai akanta biyu da ke rubuta lissafin kuɗi, akwai shugaba da ke duba lissafin amma bai kamata ya canza shi ba, akwai kuma sauran ma'aikata da babu ruwansu da shi. Lissafin yana cikin `D:\Ofis\Kudi`.

Ku lura an rubuta `Kudi` ba tare da harafi mai lanƙwasa ba. Wajen sanya wa folda, rukuni ko asusu suna, gara a guje wa ɗ da ƙ da ɓ, a kuma guje wa tazara tsakanin kalmomi, domin ba kowane kibod ke fitar da waɗannan haruffa ba, kuma wanda zai gaje ku a aikin sai ya iya rubuta sunan daidai.

Ku nemo `cmd` a kwamfutar, ku danna ɓangaren dama na linzami, ku buɗe ta da ikon admin. Idan ba ku yi haka ba, yawancin umarnin za su dawo muku da kuskure mai lamba 5, wato an hana. Ku yi gwajin farko a kwamfutar koyo, kada ku fara da sabar da mutane ke aiki a kanta.

Ƙofofi biyu

Kwamfutocin Windows suna musayar fayil ta wata ƙa'idar sadarwa mai suna SMB. A kamfanin IBM aka ƙirƙiro ta a farkon shekarun 1980, daga baya Microsoft ya ɗauka ya faɗaɗa. Yau tana bi ta mashiga mai lamba 445. Duk lokacin da kuka ga adireshi irin `\\OFIS1\Kudi`, ita ce ke aiki. Faifan da fayilolin suke zaune a kai kuma yana da tsarinsa, NTFS, wanda ya fito tare da Windows NT a 1993. Kowanne daga cikin biyun yana da jerin izininsa daban, kuma rashin gane wannan ne tushen yawancin rikicin da ake samu.

Ku kwatanta da gidan gargajiya. Baƙon da ya zo daga waje dole ya bi ta zaure. Ko an yi masa iso ya wuce zaure, ɗakin da aka kulle ba zai shiga ba. Ko an bar ɗakin a buɗe, idan an tsayar da shi a zaure bai kai ga ɗakin ba. Wanda yake cikin gida kuwa, zaure ba ya tare shi, kullen ɗaki ne kawai ya shafe shi. Izinin tarayya shi ne zaure, izinin faifai shi ne ƙofar ɗaki.

Izinin tarayya hawa uku ne: `READ` na karantawa kawai, `CHANGE` na karantawa da rubutawa da gogewa, `FULL` na komai har da canza izini. Ba ya aiki sai a kan wanda ya zo ta netwok. Izinin faifai kuwa yana aiki a kan kowa, kuma ana iya bambanta shi daga folda zuwa folda, har daga fayil zuwa fayil. Idan biyun suka saɓa, wanda ya fi ƙunci shi ke rinjaye:

- tarayya ta ce karatu kawai, faifai ya ce a canza: karatu kawai zai samu;
- tarayya ta ce a canza, faifai ya ce karatu kawai: karatu kawai zai samu;
- tarayya ta ce komai, faifai bai ambace shi ba: ba zai shiga ba;
- yana zaune a gaban sabar kanta: abin da faifai ya ce shi ne magana.

Abin lura: filash da yawa suna zuwa da tsarin FAT32 ko exFAT, waɗanda ba su da izinin faifai. Fayil ɗin da aka kwafa zuwa irin wannan filash ya rabu da duk kariyarsa.

Mataki na farko: rukuni kafin mutum

Kada ku bai wa mutum izini da sunansa. Ku bai wa matsayinsa. Ma'aikata suna zuwa suna tafiya, amma kujerar akanta tana nan. Idan kuka rubuta sunan mutum a kan folda ashirin, ranar da ya bar aiki sai kun bi ashirin ɗin ɗaya bayan ɗaya, kuma da wuya ba ku manta wata ba. Idan rukuni kuka bai wa, layi ɗaya ya gama maganar.

```
net localgroup Akantoci /add
net localgroup Shugabanni /add
net user akanta1 * /add
net localgroup Akantoci akanta1 /add
```

Layi biyu na farko sun buɗe rukunai. Na uku ya buɗe asusun ma'aikaci. Tauraron da ke ciki yana sa kwamfuta ta nemi kalmar sirri ba tare da ta nuna ta a fili ba. Na huɗu ya shigar da shi rukuninsa. Haka za ku yi wa `akanta2`, ku kuma buɗe asusun `shugaba` ku sa shi cikin `Shugabanni`. Don ganin waɗanda ke cikin rukuni, ku rubuta `net localgroup Akantoci` kawai.

Windows ba da suna take gane mutum ba. Kowane asusu yana da doguwar lambar shaida da ake kira SID, mai farawa da `S-1-5-21`, kuma ita ake rubutawa a jerin izini. Saboda haka idan aka goge asusu aka sake buɗe wani da suna iri ɗaya, a wurin kwamfuta sabon mutum ne, tsohon izinin bai shafe shi ba. Idan wata rana kuka ga irin wannan lamba tsirara a jerin izini babu suna a gabanta, galibi ragowar asusun da aka goge ne.

A manyan ma'aikatu, asusu da rukunai suna zama a wuri ɗaya ƙarƙashin Active Directory. Tunanin bai canza ba, sai dai ana sa sunan yankin ma'aikatar kafin sunan rukuni.

Mataki na biyu: buɗe foldar tarayya

```
net share Kudi=D:\Ofis\Kudi /grant:Akantoci,CHANGE /grant:Shugabanni,READ
```

`Kudi` na farko shi ne sunan da za a gani ta netwok, abin da ke bayan alamar daidai kuma shi ne ainihin wurin foldar a faifai. Kowane `/grant` yana ɗauke da sunan rukuni, waƙafi, da hawan izini. Idan ba ku sa `/grant` ko ɗaya ba, Windows za ta bai wa rukunin `Everyone` izinin karantawa, wanda ba shi muke so ga lissafin kuɗi ba.

Me ya sa akantoci suka tsaya a `CHANGE`? Domin aikinsu rubuta lissafi ne. Canza wanda zai shiga da wanda ba zai shiga ba aikin mai kula da saba ne.

`net share` shi kaɗai yana jera duk foldodin tarayya, `net share Kudi` kuma yana nuna izinin wannan ɗaya. `net share Kudi /delete` yana rufe tarayyar amma ba ya taɓa fayilolin. A jerin za ku ga wasu masu alamar dala a ƙarshe, kamar `C$` da `ADMIN$`. Alamar tana ɓoye suna daga masu leƙe ne kawai. Duk wanda ya san sunan kuma yake da izini zai shiga. Ɓoyewa ba kullewa ba ce. Ku kuma sani cewa Windows 10 da 11 na tebur ba sa karɓar kwamfutoci fiye da 20 a lokaci guda; ofishin da ya wuce haka sai ya koma Windows Server ko Linux.

Mataki na uku: karanta izinin faifai

Umarnin wannan aiki shi ne `icacls`, wanda ya maye gurbin tsohon `cacls` tun zamanin Windows Vista. Ku fara da dubawa:

```
icacls D:\Ofis\Kudi
```

Amsar za ta yi kama da wannan:

```
D:\Ofis\Kudi BUILTIN\Administrators:(I)(OI)(CI)(F)
             NT AUTHORITY\SYSTEM:(I)(OI)(CI)(F)
             BUILTIN\Users:(I)(OI)(CI)(RX)
```

Ku bi layi na uku a hankali. `Users` rukuni ne da kusan duk mai asusu a kwamfutar yake ciki. Harafin `I` yana nufin ba a kan wannan folda aka rubuta izinin ba, gadonsa ta yi daga foldar da ke samanta. `OI` yana nufin fayilolin da ke ciki za su gaje shi, `CI` kuma ƙananan foldodi za su gaje shi. Na ƙarshe shi ne izinin kansa: `RX`, wato karantawa da buɗewa. Fassarar layin ke nan: duk mai asusu a `OFIS1` yana iya karanta lissafin kuɗin ƙungiya. Zaure ya tare masu zuwa ta netwok, amma masinja ko direban da ya zauna a gaban sabar da asusunsa zai ga albashin kowa.

Haruffan izini da za ku fi haɗuwa da su:

- `F`: cikakken iko, har da canza izini da karɓe mallaka;
- `M`: karantawa, rubutawa da gogewa;
- `RX`: karantawa da buɗewa;
- `R`: karantawa kawai;
- `W`: rubutawa kawai.

Mataki na huɗu: adana kafin a taɓa

Rigakafi ya fi magani. Kafin ku canza komai, ku ɗauki kwafin izinin yadda yake:

```
icacls D:\Ofis\Kudi /save C:\Ajiya\kudi.txt /t /c
```

Sai foldar `C:\Ajiya` tana nan tukuna umarnin zai yi aiki. `/t` yana sa ya bi duk abin da ke ƙarƙashin foldar, `/c` kuma yana sa ya ci gaba ko da ya ci karo da fayil mai gardama. Idan aiki ya ɓaci, ga yadda ake mayarwa:

```
icacls D:\Ofis /restore C:\Ajiya\kudi.txt /c
```

Ku dubi bambancin da kyau. Wajen adanawa an ambaci `D:\Ofis\Kudi`, wajen mayarwa an tsaya a `D:\Ofis`. Dalili shi ne sunayen da ke cikin fayil ɗin ajiya suna farawa ne da `Kudi`, don haka dole a nuna wa umarnin uwar foldar. Wanda ya sake rubuta cikakken adireshin zai ga ana ce masa ba a sami fayil ba. Wannan ajiya ta izinin faifai ce kaɗai. Ba ta ƙunshi takardun kansu ba, ba ta ƙunshi izinin tarayya ba.

Mataki na biyar: yanke gado da ba da izini

Ba a iya cire izinin da aka gada kai tsaye, sai an fara yanke gadon.

```
icacls D:\Ofis\Kudi /inheritance:d
icacls D:\Ofis\Kudi /remove Users
icacls D:\Ofis\Kudi /remove "Authenticated Users"
icacls D:\Ofis\Kudi /grant "Akantoci:(OI)(CI)M"
icacls D:\Ofis\Kudi /grant "Shugabanni:(OI)(CI)RX"
```

Layi na farko ya yanke gado, amma ya bar wa foldar kwafin abin da ta gada ya zama nata na kanta. Na biyu da na uku sun cire rukunan gama-gari. Na ukun ana buƙatarsa ne idan `Authenticated Users` ya bayyana a jerinku, kamar yadda yakan faru a Windows na tebur. Biyu na ƙarshe sun bai wa akantoci ikon canzawa, shugabanni ikon dubawa. Kada ku taɓa layin `Administrators` da na `SYSTEM`, domin da su ake gyara da ɗaukar ajiya.

Abubuwa uku ne ke kayar da masu koyo a nan. Na farko, mantawa da `(OI)(CI)`. Izinin sai ya tsaya a kan foldar kaɗai: akanta zai buɗe ta, ya ga sunayen fayiloli, amma ko ɗaya ba zai buɗu ba. Na biyu, ƙara `/t` a kan `/grant`. Babu buƙata, gado da kansa yake sauka. `/t` zai rubuta izinin kai tsaye a kan kowace ƙaramar folda, ranar cirewa kuma sai an sake bin su duka. Na uku, rubuta `/inheritance:r` a maimakon `/inheritance:d`. Harafin `r` yana share duk abin da aka gada ba tare da barin kwafi ba, har da izinin admin. Idan haka ta faru, admin zai karɓe mallakar foldar da `takeown /f D:\Ofis\Kudi /r /d y`, sannan ya mayar da ajiyar da ya ɗauka.

Idan kuna son sabon izini ya maye gurbin wanda kuka taɓa bai wa rukuni, ku rubuta `/grant:r`. `/grant` zalla ƙari yake yi a kan na da.

Hani: a yi hattara da shi

Akwai `/deny`, wanda ke hana rukuni ƙarara. Mutum yakan tara izinin duk rukunan da yake ciki, amma hani guda yana rushe abin da aka tara. A ce akwai rukunin `Maaikata` da kowa a ofis yake ciki, sai wani ya hana wa `Maaikata` foldar kuɗi da nufin korar waɗanda ba akantoci ba. Washegari akantocin kansu ba za su shiga ba, domin su ma ma'aikata ne.

Windows tana bin jerin ne bisa tsari: hanin da aka rubuta kai tsaye, sai izinin da aka rubuta kai tsaye, sai hanin da aka gada, sai izinin da aka gada. Don haka izinin da aka ɗora a kan fayil kai tsaye yana iya tsallake hanin da ya gangaro daga sama. Wannan sarƙaƙiya ce ta sa gogaggu suke guje wa hani. Wanda ba a ambace shi a jerin ba, dama ba zai shiga ba. Rashin bayarwa ya isa.

Kwafa da matsarwa

Fayil ɗin da aka kwafa sabon fayil ne, izinin inda ya sauka yake ɗauka. Wanda aka matsar da umarnin `move` a cikin faifai ɗaya kuwa yana tafiya da tsohon izininsa. Saboda haka takardar da aka matsar daga foldar sanarwa zuwa foldar kuɗi tana iya zama da izinin kowa-da-kowa a jikinta. `icacls` tare da sunan fayil ɗin da `/reset` zai sa ya koma bin gadon sabon wurinsa. Idan kuma za ku kwashe folda zuwa sabon faifai tare da izininta, ku yi amfani da `robocopy` da `/e` da `/sec`.

Gwaji da bin sawun matsala

Gani ya kori ji. Kada ku ce aiki ya kammala sai kun je wata kwamfuta kun shiga a matsayin ma'aikacin:

```
net use Z: \\OFIS1\Kudi * /user:OFIS1\akanta1
```

Ku buɗe fayil, ku ajiye sabo, ku goge shi. Sannan ku cire haɗin da `net use Z: /delete`, ku sake shiga a matsayin `shugaba`, ku tabbatar yana karantawa amma ba ya iya ajiyewa. A ƙarshe ku gwada da asusun da ba ya cikin kowane rukuni. Gwajin wanda ya kamata a hana ya fi muhimmanci, domin wanda aka hana bisa kuskure zai zo da kansa ya kawo kuka, amma wanda aka buɗe wa bisa kuskure ba zai zo ba.

Lambar kuskure tana nuna inda za a duba. Lamba 53 tana nufin ba a kai ga sabar ba: a duba waya, suna ko netwok. Lamba 67, an kai ga sabar amma babu foldar tarayya mai wannan suna. Lamba 1219, kwamfutar tana riƙe da haɗi da wani asusun daban, sai an cire shi. Lamba 5 ita ce ta izini, kuma a nan ku bi wannan jeri: shin yana cikin rukunin? me `net share Kudi` ya nuna? me `icacls` ya nuna? akwai hani a wani wuri? Idan yanzu kuka sa shi a rukuni, sai ya cire haɗinsa ya sake shiga, domin a lokacin shiga ne ake lissafa rukunansa.

Kada matsin masu jira ya sa ku bai wa `Everyone` cikakken iko da niyyar gyarawa daga baya. Irin wannan gyara ba kasafai ake komawa kansa ba, kuma illarsa ta wuce leƙen asiri. Muguwar manhaja mai kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa tana aiki ne da izinin wanda ta kama kwamfutarsa: duk inda yake iya rubutawa, nan za ta lalata. A watan Mayu na 2017, wadda ake kira WannaCry ta bazu a duniya ta wata ɓaraka a tsohon zubin SMB na farko, har ta tsayar da aiki a asibitoci da dama a Ingila. Don haka kada a bar mashiga ta 445 a buɗe ga intanet, a kuma kashe tsohon zubin idan babu na'urar da ta dogara da shi.

Ranar da ma'aikaci ya bar aiki:

```
net user akanta2 /active:no
net localgroup Akantoci akanta2 /delete
```

`net session` zai nuna ko har yanzu yana haɗe da sabar.

PowerShell da Linux a taƙaice

Tun daga Windows 8 da Windows Server 2012, wani layin umarni na Windows mai suna PowerShell yana da umarnin da ke gyara izinin tarayya ba tare da an rufe ta an sake buɗewa ba:

```
Get-SmbShareAccess -Name Kudi
Grant-SmbShareAccess -Name Kudi -AccountName Shugabanni -AccessRight Read
Revoke-SmbShareAccess -Name Kudi -AccountName Everyone
```

A Linux, manhajar Samba ce ke wannan aiki. Andrew Tridgell na ƙasar Ostareliya ne ya fitar da ita a 1992. Nan ma ƙofofin biyu ne. Ta farko tana cikin fayil ɗin `smb.conf`:

```
[Kudi]
path = /srv/kudi
valid users = @akantoci @shugabanni
read only = yes
write list = @akantoci
create mask = 0660
directory mask = 0770
```

Ta biyu tana kan faifai:

```
chown root:akantoci /srv/kudi
chmod 2770 /srv/kudi
setfacl -m g:shugabanni:rx /srv/kudi
setfacl -d -m g:shugabanni:rx /srv/kudi
```

A lissafin `chmod`, 4 karatu ne, 2 rubutu, 1 shiga, jimlarsu 7. Lambobi uku na ƙarshe na mamallaki ne, da rukuni, da sauran jama'a, don haka 770 ya rufe wa sauran jama'a ƙofa. Lamba 2 ta gaba tana sa sababbin fayiloli su ɗauki rukunin foldar. `testparm` yana duba kurakuran `smb.conf`, `getfacl` yana nuna jerin izini.

Taƙaitawa

Mai zuwa ta netwok yana bin ƙofa biyu, mafi ƙunci ce ke yanke hukunci. Rukuni ake bai wa izini, gwargwadon aikinsa. Ana adana izini kafin a canza, ana guje wa hani, ana gwadawa da asusun wanda aka bari da na wanda aka hana. Ku riƙa ajiye umarnin da kuka rubuta tare da kwanan wata, ku kuma riƙa sake duba mambobin rukunai lokaci zuwa lokaci, domin masu bayanan da ke hannunku ba su da wani mai tsare musu su sai ku.

Tambayoyi

1. Izinin tarayya `CHANGE` ne, na faifai `RX`. Me ma'aikaci zai iya yi ta netwok?
2. Me ya bambanta `M` da `F`, kuma wanne ya dace da akanta?
3. Ku fassara wannan layi: `OFIS1\Shugabanni:(OI)(CI)(RX)`.
4. Me ya sa asusun da aka goge aka sake buɗewa da suna ɗaya ba ya samun tsohon izininsa?
5. Me ya bambanta `/inheritance:d` da `/inheritance:r`?
6. Wace folda ake ambata wajen mayar da ajiyar izini, kuma don me?

Aikin gwaji

Ku kasu bibbiyu. A kwamfutar koyo, ɗaya ya buɗe folda `D:\Ofis\Sanarwa` wadda rukunin `Sakatarori` zai iya rubutawa a ciki, rukunin `Maaikata` kuma ya karanta kawai. Ya adana izinin, sannan ya ɓata abu ɗaya da gangan ba tare da ya faɗa ba. Ɗayan ya shiga ta netwok, ya gano abin da aka ɓata, ya gyara, ya rubuta umarnin da ya bi ɗaya bayan ɗaya. Sai ku yi musayar matsayi, ku kawo wa malami takardun biyu a zama na gaba.